Dajin Malam da Rantsuwar Baba

Shekarar da ruwan Tiga ya cinye garinmu, kowa ya haƙura ya koma inda aka yanka mana filaye a ƙasar Bebeji, ban da ƙanena. Gangar jikinsa dai ta biyo mu, don ni da hannuna na ɗora shi a kan kaya yana ihu. Amma kullum gari ya waye, da ya sha kokonsa, sai ya ajiye ludayi ya kama hanyar tsohon gida. Hanyar tana nan ba ta je ko'ina ba, ruwa ne kawai ya hau kanta. Shi kuwa bai ga dalilin da zai sa ya fasa bin hanyarsa don ruwa ya yi mata karambani ba, sai ya shiga abinsa.

Lokacin bai wuce shekara goma ba, ni kuma na fara zama saurayi. Tun yana ƙarami ba ya kallon mutum a ido. Gaisuwa sai an tuna masa, idan ya yi ta kuwa kamar mai biya allo. Idan aka yi ƙara mai ƙarfi sai ya toshe kunnuwa ya tsuguna yana rangaji. Kwanonsa ɗaya ne, in ba a cikinsa ba gara ya kwana da yunwa. Yanzu jikokina 'yan boko suna da sunan da suke kiran irin wannan halitta, har sukan ce akwai masu karatunta. A zamaninmu sunanta iska, maganinta hayaƙi.

A tsohon gari babu wanda ya damu da shi. Yana da zagayensa na kullum, daga ƙofar gidanmu zuwa rijiya, daga rijiya zuwa gindin tsamiya, ya bi ta bayan masallaci ya dawo. Mata har sukan ce idan ya wuce a zagaye na biyu to lokacin ɗora tukunya ya yi. A sabon wuri kuwa an jera mana gidaje layi-layi kamar kunyar gyaɗa, babu rijiyar da ya sani, babu tsamiya. Sai mutanen da suka san shi tun ranar sunansa suka fara gano cewa aljanun ruwa ne ke kiransa. An yi rubutu, an yi turare, an rataya masa layu har wuyansa ya yi nauyi. Ya sha, ya shaƙa, ya rataya, ya kama hanyarsa.

Ni nawa aikin dambe ne. Duk yaron da ya ce masa taɓaɓɓe a gabana sai ya gaya wa uwarsa. Ɗan mai unguwa ya taɓa bin sa a baya yana buga gwangwani don ya ga rangajin nan, na cire masa haƙorin gaba. An ci mu tara, an zane ni a gaban jama'a, amma har yau idan na tuna haƙorin nan ba na jin komai sai daɗi. Ta haka na shiga sahun yaran da ake cewa sun gagara.

Wata rana cikin rani masunta suka tsamo shi ruwa ya kai masa wuya. Ba su kai shi gida ba, sai suka kawo shi ƙofar masallaci yana ɗiga, daidai an idar da azahar, don kowa ya shaida alherin da suka yi. Baffa, wan Baba, shi ya fara magana.

"Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji Baffa. "Ka kai yaron nan mari kafin ka je neman gawarsa."

Akwai wani malami can wajen Kiru da ake kai wa gagararru. Ƙarfe yake sa musu a ƙafa, ga karatu ga bulala, har sai sun yi laushi. Na san wani yaro da ya dawo daga can. Ya yi laushi kam. Tafiya yake yana ware ƙafa kamar ƙarfen yana nan, idon sawunsa duk tabo, kuma idan ka ɗaga hannu za ka sosa kai sai ya duƙa.

Baba ya dubi ƙanena, ya dubi jama'a, kunya ta ishe shi. Ya ce, "Wallahi, idan ruwan farko ya sauka yaron nan bai daina zuwa bakin dam ba, ni da hannuna zan kai shi a sa masa mari."

Ya kamata ku san waye Baba. Mutum ne da ya taɓa cewa ba zai ƙara taka wata kasuwa ba don an yi masa ƙwange a awo, kuma har ya koma ga Allah bai taka ba, ko da yake ita ce mafi kusa da mu. Idan ana gardama a majalisa aka ce Baba ne ya faɗa, magana ta ƙare. Ba shi da shanu, ba shi da sarauta, gonar gado ma tana ƙarƙashin ruwa. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ba ya magana biyu. Da na ji rantsuwar nan na san an gama, don magana zarar bunu ce, ta Baba kuwa ko a mafarki ba ta komawa.

Ana cikin haka sai ga Malam. Sabon malamin firamare ne da aka turo mana, ɗan birni, siriri, mai gajeren wando da doguwar safa, da usur rataye a wuya. A kwalejin horon malamai an taɓa kai su wani sansani a daji, abin ya shiga ransa, ya ƙudura sai ya yi irinsa da yaran da aka fid da rai da su. Ya bi gida-gida yana roƙon a ba shi aron gagararru a hutun da ke tafe. Iyaye suka taru a ƙofar mai unguwa don su ji da kunnensu, mu kuma muka laɓe a bayan danga.

"Ina za ka kai su?" in ji mai unguwa.

"Bakin dajin Falgore, ranka ya daɗe."

"A ina za su kwana?"

"A ƙasa, cikin tanti."

"Wa zai dafa musu?"

"Su da kansu. Su ɗebo ruwa, su yi itace, su yi doguwar tafiya a ƙasa, su hau dutse da igiya."

"Akwai namun daji?" in ji Baffa.

"Akwai gwaggon biri da yawa, Baffa. An ce can ciki ma har da giwa."

Dattawa suka dubi juna, fuska ta saki. A wurinmu ba a shiga daji haka kawai. Ko itace, ko kiwo, ko farauta, ko gudun haraji. Wanda ya kwashi 'ya'yan mutane ya kai su daji ba don ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ba abin da ya rage sai azaba. Malam, bawan Allah, ya ƙara da cewa, "Za su ji daɗi ƙwarai, in sha Allahu." Baffa ya fashe da dariya har da buga cinya, ya ce lallai malamin nan mugu ne, dubi yadda ya iya baƙar magana.

Baba ya ce, "Tafi da su duka biyun, babban ma ba shi da maraba. In wahalar daji ta sa ƙaramin ya daina, falillahil hamdu. In ba ta sa ba, rantsuwata tana nan."

Motar katako ta kwashe mu, mu goma sha wani abu, da tsohon sojan da ke gadin makaranta a matsayin mataimaki. Muka wuce Tudun Wada, muka saki titin Doguwa muka gangara wata burtali. Ma'aikacin gandun daji ya nuna mana wani wuri a bakin kogi, ya gargaɗe mu kada mu sare ɗanyen ice, kada mu ɗana tarko. Kogin ya janye, sai yashi fari da 'yan gurabun ruwa nan da can. Tsohon soja ya ce ai wannan shi ne kogin da ke gangarawa ya cika dam. Wato an kawo mu shan iska a bakin wanda ya cinye mana gari.

Da muka sauka Malam ya cika baki da iska ya busa usur don mu yi layi. Ƙanena ya ƙwalla ƙara, ya toshe kunne ya zube a yashi. Na dunƙule hannu, don na san abin da ke biyo baya a wurin manya: tsawa, sannan mari, sannan a ce yana yi da gangan. Malam ya tsaya yana kallonsa. Sai ya cire usur ɗin daga wuya ya tura a aljihu. Da kuɗinsa ya saye shi a Kano, sau ɗaya ya busa, ban ƙara ganinsa ba har muka dawo. Daga ranar idan yana son mu taru sai ya ɗaga hularsa sama ya tsaya, mu kuma mu bar shi ya ɗan sha rana kafin mu zo.

Darasin farko shi ne yadda ake hura wuta a daji. Ya tara mu, ya jera 'yan tsinkaye, ya ɓata ashana rabin kwali. A cikinmu akwai wanda ya gasa kajin unguwarmu fiye da yadda masu su suka ci, kuma bai taɓa barin hayaƙi ya tona shi ba. Shi ya matso ya ce, "Malam, kawo." Malam ya yi dariya ya miƙa masa, ya ce daga yau shi ne sarkin girki, buhun shinkafa da man gyaɗa duk a hannunsa suke. Muka ce shi ke nan, an ba kura ajiyar nama. Sai ga ɓarawon kaji yana kwana rungume da buhu, yana zagin duk wanda ya matso kusa.

Haka ya yi wa kowa. Akwai wani da ba ya iya zama wuri ɗaya, wanda a aji ta taga yake fita, aka naɗa shi mai tsaron birai, ya wuni yana hawa bishiya yana sauka, ba wanda ya ce masa zauna. Ni kuwa da muka je hawan dutse, Malam ya ɗaura igiya a ƙugun ɗan mai unguwa, wanda aka turo saboda shan sigari da bin 'yan kamasho, ya miƙo mini ɗaya bakin. Ya ce, "In ka saki, ya faɗo." Na dubi wawulon da na yi masa, shi ma ya dube ni. Ban saki ba. Tafin hannuna ya saluɓe, amma ya kai sama. Abin haushi, mutumin da ka riƙe wa igiya da safe ba ya dakuwa da yamma, na gwada na kasa.

Washegarin zuwanmu ƙanena ya sha koko, ya ajiye ludayi, ya bi yashi ya nufi inda kogi ke gangarawa. Na tashi zan riƙo shi kamar yadda na saba. Malam ya ce, "Ƙyale shi." Ya bi shi, ni ma na bi su. Bai sha gabansa ba, bai kama hannunsa ba, bai ma dube shi ba. Gefensa kawai ya jera, hannu a baya, kamar masu zuwa ɗaurin aure. Sai da muka yi nisa ya ce, "Ina za mu?"

Ƙanena bai amsa ba. Na buɗe baki zan amsa masa, don ni ne bakinsa tun yana ƙarami, Malam ya ɗaga mini hannu. Muka yi ta tafiya. Shi ne babban mutum na farko da na ga ya yi wa yaro tambaya ya tsaya jiran amsa. Can ƙanena ya ce, "Gida."

"Ni baƙo ne, ban san garinku ba," in ji Malam. "Idan mun shiga, me za mu fara tararwa?"

"Rijiya."

Malam ya tsuguna ya ɗauki dutse ya ajiye a kan yashi. "Ga rijiya. Sai me?"

"Tsamiya."

Ya ɗauki wani ya ajiye a gefe. Ƙanena ya tsaya cak. Ya dawo da baya, ya ɗauke dutsen, ya mayar da shi ɗaya gefen, ya ɗan matsar da shi gaba. Ransa a ɓace, don an sa masa tsamiya inda ba nan take ba. Daga nan bai ƙara jiran tambaya ba. Ya shiga tsintar duwatsu yana jerawa yana faɗin sunan kowane gida, da mai shi, da inda ƙofarsa ke kallo. Ni da na girme shi na manta rabin abin da yake faɗa.

Kafin azahar sauran yara sun biyo sawunmu. Da farko dariya suke yi. Sai wani ya ce, "Kai, ga gidanmu!" Wani ya ce ai maƙera ba nan take ba, ƙanena ya ce nan take, aka yi gardama aka gano nan ɗin take. Kowa ya bazama neman dutse. Aka ja lunguna da tsinke, aka kafa reshe a matsayin tsamiya. Sarkin girki ya sami ɗakin mahaifiyarsa, wadda ta rasu kafin a tashe mu, ya zauna a gaban ɗan dutsen nan ya kifa kai a gwiwa. Ba wanda ya tsokane shi. Ni ma na koma bayan wani dutse na yi kuka, kukan haushi, don tun da aka tashe mu ana ta lissafin gonaki da bishiyoyi, ba wanda ya tambayi yaro ko ya rasa wani abu.

Kwana biyu da gamawa birai suka sauko da hantsi, lokacin da mai tsaronsu ya tafi wanka. Su al'adarsu ce su birkice dutse su nemi kunama da ƙwari. Suka bi garinmu gida-gida, ba su bar ko masallaci ba. Gari ɗaya, an tashe shi sau biyu, na farko da takardar gwamnati, na biyu ko sallama babu. Ƙanena ya yi ihun da ban taɓa ji ba, yana buga kansa da hannu. Malam ya hana kowa taɓa shi, ya zauna a yashi nesa kaɗan har abin ya lafa. Sannan ya ɗauki dutse ɗaya ya ce, "Na manta, ina rijiya take?" Kafin la'asar gari ya tashi.

Abu ɗaya Malam ya koya masa da gangan. Ya lura cewa ƙanena idan aka kafa masa doka a fili, ba da tsawa ba, yana riƙe ta fiye da liman. Sai ya kai shi bakin wani gurbi ya ce, "Inda ruwa ya taɓa babban yatsanka, nan ne iyaka. Daga nan ake tsayawa a faɗi gari." Suka yi ta maimaitawa kullum, su biyu, ƙafa a bakin ruwa, ɗaya yana jero gidaje ɗaya yana cewa sai me.

Ranar komawa ce hankalinmu ya tashi. Mun sha nonon Fulanin da ke mashekari kusa da mu, mun ci kifin gurbi har ya gundure mu, ga shinkafar da a gida sai da salla. Muka dubi juna, kowa kumatu sun fito. Ɗan mai unguwa ya ce, "Wallahi idan aka gan mu haka mun shiga uku." Gaskiyarsa. An turo mu shan wuya, maganin da ba ɗaci kuwa a garinmu ba magani ba ne. Ni abin da ke raina ya fi na kowa, don ina ganin idan Baba ya yarda an wahalar da ƙanena, wataƙila ya ƙara masa lokaci.

Muka ɗebi toka a murhu muka shafa a fuska da ƙafafu. A mota aka yi ta gwajin ɗingishi da langaɓar da kai. Malam ya ce shi dai duk wanda ya tambaye shi gaskiya zai faɗa. Tsohon soja ya ce kada ya damu, ba wanda zai tambaye shi, sannan ya gyara wa wani ɗingishinsa, ya ce yana sauya ƙafa. Na je zan shafa wa ƙanena toka ya ture hannuna.

Da muka sauka a ƙofar mai unguwa, abin ya tafi daidai. Muka durƙusa muka gaida dattawa da 'yar murya. Suna ta gyaɗa kai, wani har yana cewa Allah ya yi wa Malam albarka. Sai Baffa ya hango ƙanena tsaye, fes da shi, yana kallon gefe.

"Kai, zo nan. Ka sha wuya?"

"A'a."

"An dake ka?"

"A'a. Ba a daki kowa ba. Mun ci kifi. Mun gina gari." Sannan don kada ya rage wani abu ya ƙara da cewa, "Toka suka shafa."

Ranar kusan kowane gida an ji kukan yaro. Wuyar da aka tura mu nema har Falgore, ashe tana gida tana jiranmu. Aka yanke hukunci a majalisa cewa Malam ya yaudari jama'a, ya kwashi yara ya kai su biki. Ba wanda ya lura kaji sun daina ɓata a unguwa, ko kuma an lura aka ce kajin ne suka yi wayo.

Da safe ƙanena ya sha koko ya nufi dam. Na bi shi, na ga ya tsaya inda ruwa ya taɓa yatsansa, bai ƙara taku ɗaya ba. Na dawo da gudu na gaya wa Baba. Ya ce shi bai rantse a kan shiga ruwa ba, a kan zuwa ya rantse, kuma mutane sun ji. Malam ma ya zo har zaure ya durƙusa. Baba ya ce, "Malam, na gode da ɗawainiya, amma bakin alƙalami ya bushe."

Malam ya ce, "To Baba, alfarma ɗaya nake roƙo. Kafin ka kai shi, ka bi shi sau ɗaya. Kada ka sha gabansa. Ka tambaye shi abin da yake gani, ka jira." Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya miƙa masa goro.

Duk manomin duniya yana duban gabas yana roƙon hadari, ni da Inna muna dubanta muna roƙon Allah ya jinkirta. Inna ba ta yi masa gardama ba, ba a yi wa Baba haka. Na dai ga ta wanke 'yan rigunan ƙanena ta ninke, ta ɗora kwanonsa a kai, ta koma ta cire kwanon, ta sake mayarwa. Wata la'asar hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa har da ƙanƙara. Gari ya ɗauki murna, yara suna tsalle a kwata. Baba ya aika ni in gaya wa Baffa a kawo keke da safe.

Gari ya waye da ƙanshin ƙasa. Kafin keke ya iso ƙanena ya sha kokonsa ya fice, don shi ba wanda ya gaya masa yau ta bambanta da jiya. Baba ya saka takalmi ya bi shi zai dawo da shi. Ni ma na bi su daga nesa. Ban san me zan yi ba, na dai san ba zan tsaya ina kallo ba.

Baba ya kusa cim masa, sai na ga ya rage sauri. Ko maganar Malam ce ta faɗo masa, ko kuwa hanyar ce, don rabonsa da ita tun ranar da muka tashi, Allah masani. Suka isa bakin ruwa. Ƙanena ya cire takalmi, ya matsa har ruwa ya taɓa yatsansa, ya tsaya. Baba ya tsaya a gefensa, ya daɗe, sannan ya yi gyaran murya.

"Me kake kallo?"

Ƙanena ya ci gaba da kallon ruwa. Na san Baba, ba ya tambaya sau biyu kuma ba ya jira. Ranar ya jira.

"Rijiya," in ji ƙanena, yana nuna ruwa da yatsa. "Sai tsamiya. Sai maƙera. Sai gidan liman, ƙofarsa gabas." Ya bi lungu-lungu har ya iso namu. "Sai gidanmu. Sai turken jaki. Sai rumbu uku, na tsakiya ya tsage."

"Haka ne," in ji Baba a hankali. "Ya tsage." Can kuma ya ce, "Sai me?"

"Sai gona. Sai kuka. Sai maƙabarta. Kaka yana kusa da kukar, wajen dama."

Ban ga fuskar Baba ba, bayansa kawai nake gani. Na ga ya ɗaga hannun riga ya kai fuska, ya daɗe bai sauke ba. Sannan ya shiga tambaya, gidan wane fa, lungun kaza fa, ƙanena yana ba shi amsa ba tare da ya dube shi ba. Tun da aka haifi yaron nan ban taɓa jin sun yi magana ta wuce ci da tashi ba. Ranar sai da rana ta ɗaga.

Da muka dawo Baffa yana ƙofar gida riƙe da keke, ga maƙwabta da sungumi za su tafi shuka, sun ɗan dakata don su ga tafiyar. Baba bai kula kowa ba, ya wuce gidan liman, ya jima, ya dawo. Ya jingina tsani ya hau rumbu ya fara miƙo mini dammunan dawa, a lokacin da kowane magidanci yake ƙirga abin da zai kai shi kaka.

"Ina za a kai hatsi ranar shuka?" in ji Baffa.

Baba ya sauko, ya karkaɗe rigarsa, ya juyo ya fuskanci jama'a. Ya ce, "Kaffara zan yi. Na karya rantsuwata. Yaya, mayar da kekenka."

"Kai? Kai da ba ka magana biyu?"

"To yau na yi."

Inna ta sussuka ta sheƙe, tana yi tana share ido da gefen zane. Liman ya ce miskinai goma, kowa ɗan mudun Annabi ya wadatar. Baba ya ce rantsuwar da ya yi ba ƙarama ba ce, ya sa aka auna da tiya, ni na yi ta kaiwa gida-gida. Damunar nan mun sha tafasa da rama fiye da kowace shekara. A majalisa kuma, daga ranar, idan Baba ya ce wallahi sai ka ga wani ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ya gani, bai taɓa tankawa ba. Duk wanda ya tambaye shi labarin dajin Malam kuwa, cewa yake wasan banza ne, ɓata yara kawai.

Washegari ƙanena ya sha koko ya kama hanyar dam. Baba ya saɓa fartanya ya bi bayansa. Inna ta ce, "Maigida, ina zuwa ta nan?" Ya ce gona za shi. Gonarmu kuwa tana can ɗaya gefen gari.